Tudun Samarƙandi da Aikin Malami: Jawabin Wakilanmu ga Taron Reshe





Al'adar wannan reshe ce, duk wanda aka tura wani wuri da sunan ƙungiya, idan ya dawo sai ya tsaya gaban jama'a ya ba da bahasin tafiyarsa. Mu huɗu aka tura taron ƙara wa juna sani na malaman lissafi da kimiyya a Tashkent, babban birnin ƙasar Uzbekistan, kuma cikakken rahoton taron yana hannun Malam Sakatare ga mai son dubawa. Abin da muka nemi izinin yin magana a kansa yau wani ɗan ƙaramin wuri ne da muka tsaya a kan hanya, wanda ziyararsa ba ta wuce sa'a biyu ba, amma muka ga ya shafi aikinmu da mutuncin sana'armu fiye da yawancin takardun da aka karanta a zauren taro.

Bayan an rufe taron muna da sauran kwana uku kafin jirginmu ya tashi. Sai muka haɗa guzurinmu, muka ɗauki shatar ƙaramar mota zuwa Samarƙandi, da niyyar ziyartar kabarin Imam Bukhari, wanda ya rasu a shekara ta 870 Miladiyya aka binne shi a wani ƙauye da ke kusa da birnin. Tsakanin Tashkent da Samarƙandi kimanin kilomita 300 ne. Hanyar ta ƙetare kogin Sir Darya, ta ratsa gonakin auduga iyakar ganin ido, ga masu sayar da kankana jere a bakin titi kamar yadda muka saba gani a namu hanyoyin. Bayan garin Jizzak sai ta kutsa tsakanin duwatsu kafin ta sauka kwarin da Samarƙandi take. A bakin shiga birnin ta arewa maso gabas akwai wani tudu, a kansa ne gidan auna taurari na Ulug Beg yake, tare da ɗan gidan tarihin da aka gina a gefensa.

Wanda ya je da tsammanin ganin ƙasaitaccen gini zai iya jin an rage masa hanya. A gindin tudun akwai mutum-mutumin Ulug Beg a zaune. Idan aka hau matakala aka kai sama, sai a tarar da fili mai da'ira, da wata ƙofa da aka yi wa rufi mai tsawo kamar an kife kwalekwale. Daga bakin ƙofar mutum yake leƙawa ƙasa, ya ga rami mai faɗin kimanin mita 2 da aka sassaƙa cikin dutse, da layi biyu na marmara suna gangarawa a lanƙwashe cikin duhu, da matakalar tubali a tsakaninsu da gefensu. A ɗaya ɓangaren filin ga gidan tarihin, ɗaki ne madaidaici mai ɗauke da kwafin tsofaffin littattafai, da taswirorin sama, da samfurin kayan awo na tagulla, da ɗan ƙaramin siffar ginin yadda ake jin yake a zamaninsa. Iyakar abin ke nan.

To, mene ne wannan rami, kuma wane ne mai shi?

Ulug Beg jikan Taimur ne, sarkin yaƙin da ya mai da Samarƙandi hedikwatar daularsa. An haife shi a 1394, sunansa na yanka Muhammad Taragai. Mahaifinsa Shah Ruk, wanda ya zauna a birnin Herat, ya damƙa masa mulkin Samarƙandi a 1409 yana ɗan shekara 15. Tsakanin 1417 da 1420 ya gina babbar makaranta a dandalin Registan, wadda har yau tana tsaye, ya tara mata malamai daga ƙasashe daban daban. Muna so 'yan uwa su lura da wannan jeri: makaranta aka fara ginawa. Sai da malamai suka taru, ɗalibai suka ƙware a lissafi, sannan a cikin shekarun 1420 aka hau tudun nan aka gina gidan auna taurari, mai hawa uku, zagayayye, tsayinsa kimanin mita 30.

Wannan lanƙwasasshen marmara da muka leƙa shi ne ragowar babban ma'auninsu. Wani yanki ne na da'ira wadda daga tsakiyarta zuwa bakinta kimanin mita 40 ne, an kafa shi daidai kan layin da ya miƙe daga kudu zuwa arewa, ƙasansa cikin dutse, samansa yana bin bangon ginin. Idan rana ta kai tsakiyar sama, wato lokacin zawali, haskenta yakan shigo ta wata ƙaramar kafa a saman ginin ya sauka kan marmaran, mai awo ya karanta inda ya sauka, ya rubuta. Dalilin girmansa kuwa lissafi ne mai sauƙi da kowane malamin firamare zai gane. A ma'aunin kusurwa da ke cikin akwatin lissafin ɗalibanmu, digiri ɗaya bai kai faɗin tsinken ashana ba. A kan wannan marmara digiri ɗaya ya kai kimanin santimita 70, kashi ɗaya cikin sittin na digiri kuwa ya ɗan haura santimita ɗaya. Ba su da madubin hangen nesa, domin sai a 1609 Galileo ya ɗaga nasa sama a Italiya. Da suka rasa abin da zai ƙara wa ido ƙarfi, sai suka ƙara wa ma'auni girma.

Ga abin da suka samu da ido da haƙuri. Sun auna tsawon shekara, wato lokacin da rana take ɗauka ta komo gurbinta a tsakanin taurari, suka sami kwana 365, sa'a 6, minti 10 da daƙiƙa 8. Bambancin wannan da awon zamaninmu bai cika minti ɗaya ba. Sun auna karkatar hanyar rana, wadda ita ke kawo sauyin yanayi a shekara, suka sami digiri 23 da minti 30 da daƙiƙa 17 na kusurwa. Da wasu kayan awo kuma suka bi taurari ɗaya bayan ɗaya, har suka fitar da kundin da ake kira Zij Sultani wajen 1437, mai ɗauke da gurbin taurari 1,018. Tun zamanin Batlamus na Iskandariyya, fiye da shekara dubu kafin nan, yawancin masana gyara tsohon jerin suke yi suna kwafewa. Mutanen Samarƙandi suka koma sama da kansu suka sake awo. Taurari 27 da suka yi kudu da yawa har ba a hango su daga Samarƙandi, sai suka bayyana a fili cewa waɗannan daga littafin Abdurrahman Assufi suka ɗauko su. Ɗalibinmu da ke rubuta sakamakon gwajin da bai yi ba yana da darasi a nan, haka ma malamin da ya sa masa hannu.

Ya kamata mu tsaya mu bambance abu biyu, domin mun san yadda kunnen jama'armu yake ɗaukar maganar taurari. Ilimin falaki awo ne da lissafi. Da shi ake sanin alƙibla, da lokutan salla, da daren da za a fita neman jinjirin wata. Wannan daban yake da duba da da'awar sanin gaibu, kuma awon ne muke magana a kansa.

Waɗanda suka yi wannan aiki malamai ne kamar mu, masu shiga aji. Na farkonsu Ƙadi Zada Arrumi, mutumin Bursa ta ƙasar Turkiyya ta yau, wanda ya koyar da Ulug Beg kansa kuma ya shugabanci makarantar. Na biyu Jamshid Alkashi, mutumin Kashan ta ƙasar Iran, wanda a 1424 ya lissafa dangantakar kewayen da'ira da faɗinta har zuwa gurbi 16 bayan ɗigo, aka yi kusan shekara 180 ba a wuce shi ba. Wasiƙar da Alkashi ya aika wa mahaifinsa ta wanzu har yau. A cikinta ya ba da labarin yadda sarkin yake zuwa makaranta ya zauna a darasi, ya yi muhawara da malamai da ɗalibai, da yadda wata rana yana bisa doki ya lissafa matsayin rana da ka. Alkashi ya rasu a 1429, Ƙadi Zada ya bi shi bayan 'yan shekaru, aikin bai ƙare ba. Wanda ya ɗauka ya kai shi gaci ɗalibinsu ne, Ali Ƙushji, ɗan mai kula da shahon farautar fada.

Akwai wani labari game da Ƙadi Zada da marubucin tarihin malaman Turkawa, Tashkofruzade, ya kawo, wanda ya dace a faɗe shi a zauren ƙungiya irin tamu. Wata rana Ulug Beg ya sallami ɗaya daga cikin malaman makarantar. Da labari ya kai ga Ƙadi Zada, sai ya zauna a gida ya daina fita darasi. Sarki ya taka da kansa ya je ya tambaye shi ko rashin lafiya ce. Ƙadi Zada ya amsa masa cewa shi ya zaɓi koyarwa ne domin yana ɗaukarta matsayin da mai mulki ba ya tuɓe mutum daga kansa, yanzu kuwa da ya ga ba haka ba ne, ya bar ta. Ulug Beg ya mai da malamin bakin aikinsa, ya yi alkawarin ba zai sake ba, sannan Ƙadi Zada ya koma aji. Bai yi haka don albashinsa ba, kuma ba shi aka sallama ba. Ya gane cewa malamin da ke tsoron a kore shi gobe ba zai iya gaya wa sarki cewa lissafinsa ya kuskure ba, kuma inda ba a iya faɗin haka, babu awon da za a amince da shi. Duk lokacin da wannan reshe ya tsaya wa wani ɗan uwa da aka yi wa canjin wurin aiki na mugunta, ko aka riƙe masa ƙarin girma ba dalili, wannan gadon muke riƙe da shi, ko mun sani ko ba mu sani ba.

Ƙarshen sarkin bai yi daɗi ba. Mahaifinsa ya rasu a 1447, rikicin gado ya ɓarke, ɗansa na cikinsa Abdullaɗif ya yi masa tawaye ya ci shi da yaƙi. A 1449 aka kashe Ulug Beg a kusa da Samarƙandi, bayan ya kama hanyar aikin Hajji. Ɗan nasa ma bai cika shekara a kan gado ba aka kashe shi. Daga nan aikin tudun ya mutu. Babur, wanda daga baya ya kafa daular Mugal a Indiya, ya tarar da ginin a tsaye wajen shekara hamsin bayan haka, ya ambace shi a tarihin rayuwarsa. Sannu a hankali aka kwashe tubalin, ƙasa ta rufe sauran, har mutanen gari suka manta takamaiman wurin. Sai a 1908 wani Barashe mai binciken kayan tarihi, Vasili Viyatkin, ya bi bayanin wata tsohuwar takardar waƙafi da ta ambaci tudun a matsayin iyakar wani fili, ya haƙa, ya tarar da ɓangaren ma'aunin da ke cikin dutse. Kabarinsa yana nan kan tudun, 'yan taku kaɗan daga ramin da ya tono.

Ginin ya rushe, amma kundin bai ɓata ba, domin akwai wanda aka koya wa. Ali Ƙushji ya bar Samarƙandi da iliminsa da littattafansa, ya zauna a Tabriz, daga can ya wuce Istambul inda Sarki Muhammad Alfatih ya ba shi koyarwa a makarantar Aya Sofiya, ya rasu a can a 1474. Aka yi ta kwafe kundin da hannu, aka fassara shi daga Farisanci zuwa Larabci da Turkanci. A 1665 Thomas Hyde ya buga jerin taurarin a Oksfod ta Ingila. A ƙarni na 18 Sarki Jai Singh na Indiya ya dogara da shi lokacin da yake gina nasa manyan ma'aunan a Delhi da Jaipur. Yau akwai wani rami a fuskar wata da masana suka raɗa wa sunan Ulug Beg. Abin da sarki ya gina da dukiya bai daɗe bayan sarki ba. Abin da malami ya zuba a kan ɗalibi, ɗalibi ya rubuta ya koyar, shi ne ya ƙetare ƙarni shida ya iso gare mu.

'Yan uwa, mun san halin da makarantunmu suke ciki. Akwai inda ɗakin gwaje-gwaje ya zama ma'ajiyar karyayyun kujeru. Akwai inda yaro zai gama sakandare bai taɓa auna komai da hannunsa ba, sai dai ya haddace abin da aka rubuta a allo ya mayar ranar jarrabawa. Neman kayan aiki haƙƙinmu ne, kuma ƙungiya ba za ta daina bugun ƙofar hukuma a kansa ba. Sai dai yaran da ke gabanmu bana ba za su jira a fitar da kuɗin kwangila ba, shekararsu tana wucewa. Ga shi kuwa ba baƙin sama ba ne mu. Kakanninmu sun san Kaza da 'ya'yanta, sun san Zara da Gamzaki. Har yau akwai tsofaffin manoma da malaman zaure masu lissafin taurari 28, kowane da kwana 13, ɗaya da 14, su cika 365, da shi suke sanin lokacin shuka da lokacin da ruwa zai ɗauke. Ladanai kafin zuwan agogo da inuwar sanda suke gane azahar da la'asar. Ƙasar Katsina ta fitar da Muhammadu ɗan Muhammadu Alfulani Alkashinawi, masanin lissafi da ya rasu a Alƙahira a 1741.

Saboda haka muna gabatar wa wannan taro shawara guda, wadda ba ta bukatar kasafin kuɗi. Kowace makaranta da ke ƙarƙashin reshen nan ta kafa sanda miƙaƙƙiya mai tsawon mita ɗaya daidai a kan shimfiɗaɗɗen wuri, a tabbatar da miƙewarta da igiya da ɗan dutse, irin yadda magina suke yi. Sau ɗaya a mako ɗalibai su fita tsakanin ƙarfe 12 da ƙarfe 1 na rana, su riƙa sa alama a bakin inuwar bayan kowane minti biyar. Inda inuwar ta fi gajarta, nan ne zawali. Su auna tsawonta, su duba ko arewa ta nufa ko kudu, su rubuta da kwanan wata a littafi guda da za a keɓe don wannan. Ranar da hadari ko ƙurar hunturu ta rufe rana, a rubuta cewa ba a samu ba, kada a cike gurbin da ƙiyasi.

Ga abin da za su gani a wuraren da ke kusa da digiri 12 arewa, kamar Kano. Wajen 21 ga Disamba inuwar za ta kai kimanin santimita 71, tana nuna arewa. Daga nan ta riƙa raguwa, wajen 21 ga Maris ta dawo kimanin santimita 21. Wajen 22 ga Afrilu za ta shige gindin sandar ta ɓace, domin rana tana bisa kai sosai. Sannan ta ɓullo ta kudu, ta kai kimanin santimita 20 wajen 21 ga Yuni, ta juyo, ta sake ɓacewa wajen 21 ga Agusta. Kusa da Yuni 21 da Disamba 21 inuwar ba ta cika sauyawa ba, don haka ko hutu ya gitta, awon mako guda kafin ranar ko bayanta zai wadatar. Wannan ɓacewar inuwa sau biyu a shekara abu ne da Ulug Beg bai taɓa gani a garinsa ba, domin Samarƙandi tana kusa da digiri 40 arewa, rana ba ta hawa bisa kansu. Yaranmu suna da shi a filin makaranta kyauta.

'Yan firamare su zana sandar da inuwarta a takarda, su auna kusurwar da ke saman sandar da ma'aunin kusurwa. 'Yan babbar sakandare su fitar da ita da teburin lissafi. Ta Yuni za ta ba su digiri 11 da ɗoriya, ta Disamba digiri 35 da ɗoriya. Idan suka haɗa biyun suka raba gida biyu, za su sami kusan digiri 23 da rabi. Wannan ita ce karkatar hanyar rana, adadin da aka sassaƙa dutsen Samarƙandi don nemansa. Nasu awon ba zai kai na Ƙadi Zada daidaito ba, amma hanyar ɗaya ce, kuma yaron da ya fitar da wannan adadi da hannunsa ya san daga ina ilimi yake fitowa. Idan wani ya gaya masa abu gobe, zai tambaya yadda aka auna.

Muna roƙon abu uku daga taron nan. Na ɗaya, a amince da wannan aiki a matsayin aikin reshe, a naɗa malami ɗaya a kowace makaranta da zai kula da shi. Na biyu, littafin awon ya zama mallakar makaranta, idan an yi wa malami canjin wuri ya damƙa shi hannun wanda ya gaje shi, da sa hannun shugaban makaranta, domin aikin Samarƙandi sai da ya ratsa hannun malamai uku kafin ya kammala. Na uku, a ware shafi ɗaya a wannan mujalla tamu a ƙarshen kowane zango, a buga sakamakon makarantu da sunayen azuzuwan da suka yi awon, yadda makarantar da ke arewacin yankinmu za ta kwatanta nata da na wadda ke kudanci, ɗalibai su tambayi dalilin bambancin.

Ga iyaye da ke tare da mu a nan kuma, idan yaro ya dawo gida ya kafa tsinke a tsakar gida yana bin inuwa da gawayi, kada a kore shi a ce wasa yake yi. A tambaye shi abin da ya samu. Idan akwai tsoho a gidan da ya san lissafin taurarin damina, a haɗa su zama ɗaya, yaron ya rubuta abin da ya ji ya kawo makaranta.

Malam Shugaba, iyakar bahasinmu ke nan. Muna godiya ga reshe da ya ga cancantarmu ya tura mu, da 'yan uwan da suka riƙe mana azuzuwanmu har muka dawo. Allah Ya jiƙan malamanmu da suka riga mu gidan gaskiya, Ya ba masu ritaya haƙƙinsu a kan lokaci, Ya sa albarka a cikin yaran da aka ba mu amana.